Rijiyar da Ba Ta Shan Damina

Ranar da Rabi'atu ta dawo Wurma daga karatu a ƙasar manyan duwatsu, sai ta tarar mahaifinta Jibo ya zama abin ba'a a gari. Shekara talatin yana haƙar rijiya, kuma duk wadda ya haƙa sai ya ɗanɗana ruwanta ya faɗi inda ya fito. Yanzu matasa na son kafa injin sola a tsohuwar rijiyar gindin dutse don noman rani, shi kuwa ya ce faufau.

"Ruwan nan ba ya shan damina," in ji shi. "Kuka zuƙe shi, ya tafi ke nan."

Zaharaddin, shugaban matasan, ya tuntsire da dariya. "Haba Baba Jibo! Goro ya gama da harshen nan tuntuni."

Mai unguwa ya ce nan da mako biyu za a kafa injin, sai fa in an kawo hujja.

Abin ya soki Rabi'atu har zuci. Shekara biyu ta yi tana bin koguna da tafkuna a can, tana tantance wane ruwa ne narkakkiyar ƙanƙarar saman dutse, wanne ne na sama. A ido duk ruwa ɗaya ne, amma cikin ƙwayoyinsa akwai masu nauyi da marasa nauyi, su ake kira aisotof. Ruwan da ya sauka cikin sanyi masu nauyinsa kaɗan ne, kuma alamar nan ba ta barin sa ko ya shekara nawa a ƙarƙashin ƙasa.

Ta ɗebo ruwan rafi, da na rijiyoyin gida uku, da na gindin dutse. Kowace kwalba ta cika ta maƙil ta ɗaure bakin tam.

"Ki bar masa wurin numfashi mana, 'yar nan," in ji Jibo.

"Baba, in ya sha iska ƙarya zai yi mini."

A ɗakin gwaji a Dutsin-Ma, sakamakon ya fito ɗigo-ɗigo a fuskar kwamfuta. Rafi da rijiyoyin gida suka taru wuri guda, kusa da ruwan bana. Ɗigon rijiyar gindin dutse ya ware can ƙasa shi kaɗai, ya karkata wajen da ta saba ganin ruwan duwatsu masu sanyi.

Sau uku tana maimaitawa. Sakamakon bai canza ba. Ruwan sama ne, amma na wani zamani da ƙasar nan take da sanyi, watakila tun ƙanƙara na lulluɓe da arewacin duniya. Ya sauka, ya shige tsagin dutse, ya yi shiru yana jira, ita kuwa da shi aka yi mata wanka ranar da aka haife ta. "Subhanallahi," ta ce, hawaye na zuba.

Da hantsi ta shimfiɗa takardar a ƙofar mai unguwa, ta yi bayani dalla-dalla.

"Malama, shekara nawa ke nan?" Zaharaddin ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Adadin sai wani gwajin. Amma ina jin ya girmi garin Kurfi kansa nesa ba kusa ba. Kuma damina ba ta mayar da shi."

Jibo ya sunkuya yana kallon tafin hannunsa.

Mai unguwa ya gyara zama. "A kai injin bakin rafi. Rijiyar nan kam sai guga, shi ma don sha."

Zaharaddin ya cire hula ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi jiya da shi na wanke babur."