Riga Ɗaya, Soja Bakwai

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Auta a fagen daga, sai ga labari ya iske Inna wai an buɗe wa sojojin da suka kwanta dama shafi a intanet. Auta ake ce masa, ko da yake shi ne na farin, shi ne na ƙarshen. Maƙwabciyarta ce ta kawo labarin, wata nas mai fara'a da ke haya a ɗakin da ke kallon nata. Ta zauna bakin gado, ta ɗauki wayar Inna ta yi 'yan danne-danne.

"Ga shi nan, Inna. Kowane soja da wajensa, ga suna, ga hoto, a ƙasa kuma jama'a na rubuta addu'a. Naki ma mutum arba'in sun rubuta."

Inna ta goge tabarau da bakin mayafi. Sunan dai nasa ne, ga shi ma a ɗinke a ƙirjin rigar. Amma fuskar faffaɗa ce, ga wushirya, ga kunnuwa a baje.

"Tubarkalla," in ji nas. "Da ke yake kama ko da babansa?"

"Da babansa," Inna ta ce, ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta faɗi haka ba.

To, abin da nas ba ta sani ba, Inna ba ta da hoton ɗanta ko ɗaya. Shekarar da ruwa ya ci tsohon gidansu, akwatin hotuna ya kwana uku a cikin laka. Maigidanta kuma ya bi ɗansa lahira ba da jimawa ba, ba sauran wanda za ta tambaya. Kullum da safe in ta haɗa shayinta, sai ta jingina wayar da gwangwanin sukari ta zuba wa hoton ido. Wani lokaci ta ce a ranta, wannan ba ɗana ba ne. Wani lokaci kuma ta rufe ido ta nemi fuskarsa, sai ta samu muryarsa, ta samu tafiyarsa, fuskar kuwa ta ƙi zuwa. Idan hukuma ta ce shi ne, ga suna a ƙirji, ashe ita ce ta manta ɗan da ta haifa? Wannan tambayar ta hana ta sakat har wata guda, kuma kunya ta hana ta gaya wa kowa.

Ranar wata Talata ta sa nas ta karanta mata adireshin da ke ƙasan shafin, ta hau mota.

Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ɗaki ɗaya ne a saman bene, fanka na juyawa da ƙyar, kwalayen hotuna jibge jikin bango. Wani mutum mai furfura a gemu, sandarsa jingine da tebur, yana buga kwamfuta da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsaga. Shi ne Saje, mai kula da shafin.

"Sannu da hawa, Mama. Benen nan ni ma kullum sai mun yi faɗa da shi. Zauna ki huta."

Ta miƙa masa wayar. "Ɗan nan, tambaya na zo yi, kada ka yi mini dariya. Wannan ɗana ne?"

Saje ya duba, ya matso da wayar kusa da hanci, sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Mama, wannan ai direbanmu ne! Yana nan da ransa, taya yake sayarwa, tumbi har nan. Shekara biyu ana roƙa masa gafara, shi ya sa yake ta ƙiba! Ni sunan kawai na duba na ɗora, wallahi ban kalli fuskar ba."

Ya fara dariya, da ya ga hawaye na bin kumatunta sai ya haɗiye ta.

"Yi haƙuri, Mama. Laifina ne."

"A'a, yi dariyarka. Na ɗauka ni ce na ruɗe." Ta share ido. "To ya aka yi sunan ɗana ya hau ƙirjin mai taya?"

Saje ya gyara zama. Ya ce ana gobe za su tafi fagen daga, mai hoto ya shigo bariki. Su bakwai ne a ɗaki, duk rigunansu a cukurkuɗe cikin jaka, ta Auta kaɗai ce a goge, don shi ko ina za shi sai ya yi guga. Sai suka yi layi, wannan ya sa a ɗauke shi ya tuɓe, wancan ya karɓa.

"Har ni na sa, Mama, maɓallin ciki ya ƙi rufuwa."

"To ɗauko mini nasa."

Saje ya kalli fanka.

"Da yake rigarsa ce, cewa ya yi kowa ya fara, shi ne ƙarshe. Ana gama na shida fim ya ƙare. Mai hoto ya ce zai dawo da safe. Da safe kuwa mun riga mun hau mota."

"Halinsa ne," in ji Inna a hankali. "Ko a gida haka yake." Ta ɗauki jakarta, ta dafa tebur za ta miƙe.

"Tsaya, Mama. Ba ni minti biyar."

Ya ja ƙafarsa zuwa wajen kwalayen, ya dinga zaro ambulan yana mayarwa, ƙura na tashi yana atishawa. Can ya dawo da hotuna shida ya jera a tebur: fuska shida, riga ɗaya, suna ɗaya. Ya ɗora yatsa a gefen na huɗu. A can baya, jikin ƙofa, ga wani siririn saurayi cikin singileti, ya harɗe hannu a ƙirji yana jiran rigarsa, ya karkata kai yana dariya. Duk kansa bai kai girman ƙwayar wake ba.

Inna ba ta ko nemi tabarau ba. "Ga shi nan," ta ce. "Ga ɗan banza nan."

"Sai dai akwai doka, Mama. Ba a ɗora hoton soja sai da kaki. In shugabanmu ya ga singileti zai ci ni da faɗa."

"Ku shida kun sa rigarsa kun bar shi a tsaye. Yanzu kuma ka ce ba shi da kaki?"

Saje ya sosa gemu. Ya kifa hoton a na'ura, ya yanke gefen, ya cire mai taya, ya ɗora Auta.

Da ta koma gida rana ta yi tsaka, tsakar gidan tsit, kowa ya tafi nema. Ta zauna bakin gado ta buɗe shafin. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton yadda nas ta koya mata, don ta ga idanunsa, sai fuskar ta watse ta zama ɗigo-ɗigo, ba ido ba hanci. Ta yi maza ta mayar da shi ƙarami. Ta sake gwadawa, ya sake watsewa.

Sai ta miƙe hannu, ta riƙe wayar can nesa da ita. Daga nan ana ganinsa sarai, jingine da ƙofa yana dariya. Ta riƙe har hannun ya gaji, ta sauya ɗayan.