Minti Shida a Kakuri

Dakta Celina tana durƙushe a barandar ɗakin taron coci, tana jan tef ɗin awo a kan siminti, ta ce wa Obinna yau tana so ya yi kuskure.

"Kuskure kuma, Ma?"

"Babba. Wanda mutum zai hango tun daga bakin get."

Obinna ya tsaya riƙe da alli yana kallonta. Ma'aikacin jinya ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, kuma a duk ajin digiri na biyu na motsa jiki da lafiya babu ɗalibin da ya kai shi tsantseni.

Kowace Asabar da safe Celina takan kwaso ɗalibanta daga jami'a zuwa Kakuri, su gwada lafiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Gwajin ba shi da wuya a ido. Ana auna mita talatin, a ajiye kujera a kowane ƙarshe, mutum ya yi ta kai da komowa har minti shida, mai gwaji yana ƙirga zagaye a takarda. Amma yana da dokoki. Ba a bin mutum a gefe, ba a riƙe shi, ba a ce masa komai sai jumla guda a ƙarshen kowane minti.

Wanda ya dasa mata dokokin nan a ka shi ne Farfesa Filibus Shekari. Shi ya kafa kwas ɗin, shi ya koyar da ita, shi ya fara kawo ɗalibai barandar nan tun tana 'yar aji. Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Likita ya ce ƙafar za ta dawo idan ana taka ta, idan kuwa aka bar ta a zaune za ta sandare, shi ke nan. Farfesa ya ji, ya fi likitan ma sani, amma ya ƙi. Ya ce mutumin da ya shekara talatin yana koya wa jama'a amfanin tafiya ba zai fito unguwarsu ta Barnawa ta gan shi yana jan ƙafa ba.

"Daga gado sai kujera, 'yata," in ji matarsa, Mama Caroline, a waya. "Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira fasto. Ke kaɗai kika rage."

Shi ya sa Celina ta je gidan ranar Laraba ta yi masa ƙarya. Ta ce ɗalibanta sun lalata gwajin, ta rasa yadda za ta yi da su. Ya zo ya zauna kawai ya duba.

Ƙarfe takwas da rabi Keke Napep ya tsaya a bakin baranda. Sai da Obinna da mai keken suka tallafe shi kafin ya kai kujera. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Celina ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"A'a, Farfesa, ashe kana nan," in ji Baba Isiyaku, wani tsohon mai gyaran injin saƙa, daga kan benci. "Mu da muka ce ka samu kuɗi ka manta da talakawa."

"Isiyaku, har yanzu tumbin nan bai ragu ba?"

"Ina zai je? Mai tsawata masa ya yi yaji."

Tsofaffin suka kwashe da dariya. Gefen bakin Farfesa mai lafiya ya ɗan motsa.

Aka fara da Baba Isiyaku. Obinna ya danna agogo, ya ja dogon numfashi kamar mai shirin shan maɗaci, sannan ya bi tsohon a gefe, ya kama masa gwiwar hannu.

"Baba, ƙara sauri. Yaya Mama? Yaya jikoki?"

Farfesa ya gyara zama. Ya yi gyaran murya. Da Obinna ya soma ja wa tsohon hannu a wajen juyawa, sai ya kasa daurewa.

"Kai, saurayi. Wa ya koya maka wannan?"

"Dakta ce, Sa."

Farfesa ya juyo ya dubi Celina, irin kallon da ta sani tun shekara goma sha biyu da suka wuce. Ya yi bayani dalla-dalla, harshensa na ɗan nauyi: idan ka bi mutum, saurinka kake aunawa, ba nasa ba. Obinna ya gyaɗa kai, aka sake. Wannan karon ya shiga gaban Baba Isiyaku yana tafa masa hannu.

"Ni dai na gaji," in ji Baba Isiyaku, ya zube a benci. "Ku nemi wani ku yi ta wahalarwa."

Celina ta dubi sauran tsofaffin. Kowa ya kau da kai, kamar yadda ta roƙe su tun da sassafe.

"Har yanzu ban gane ba, Sa," in ji Obinna, idonsa a ƙasa. "Da dai zan ga an yi."

Daga bakin titi ana jin kwandasta yana kiran Sabon Tasha. Farfesa ya daɗe yana kallon layin allin da ke gabansa.

"Caroline, miƙo min sandata."

Mama Caroline ta miƙa masa.

"Ba a fara gwaji ba a auna jini ba," ya ce. "Celina, ke za ki riƙe agogo. Ku kuma ku buɗe ido ku ga yadda malamarku za ta yi."

Aka auna, jinin bai hau ba. Ya miƙe a karo na biyu, na farko ƙafar ta ƙi. Celina ta tsaya a bakin layi, takarda a hannun hagu, agogo a dama.

"Fara."

Sanda, ƙafar dama, sannan ta hagu tana biyowa a baya, takalmin na gogar siminti. Mita talatin ba ta taɓa yi wa Celina nisa haka ba. Akwai maganganu cike da bakinta. Tana so ta ce masa shi ne ya hana ta barin karatu lokacin da mahaifinta ya rasu, tana so ta ce sashensu na jami'a ya zama kango tun da ya kwanta. Agogo ya nuna minti ɗaya.

"Kana ƙoƙari," ta ce, muryarta a daidaice kamar yadda ya koya mata. "Saura minti biyar."

A minti na uku ya tsaya, ya jingina da bango, gumi na zuba ta bayan kunnensa. Mama Caroline ta zabura. Celina ta kama bakin zanenta da yatsu biyu, ba ta ko dube ta ba.

"Kana iya hutawa. Ka ci gaba idan ka samu dama."

Agogo bai tsaya ba, doka ce. Ya huta, ya ɗago kai, ya cire kafaɗarsa daga bangon. Baba Isiyaku ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Daga nan Celina ba ta ƙara ganin komai sosai ba, sai farar riga tana tafiya tana dawowa a cikin ruwan idonta.

"Tsaya inda kake."

Obinna ya ruga da kujera, ya ja alli a gaban takalmin. Farfesa ya zauna yana haki. Sai da numfashinsa ya daidaita ya miƙa hannu.

"Zagaye nawa?"

Celina ta dubi takardar. Fara fat. Ko layi ɗaya ba ta ja ba.

"Huɗu ne," in ji Baba Isiyaku.

"Uku da rabi," in ji na kusa da shi.

"Ni idona a rufe yake, addu'a nake," in ji Mama Caroline.

Farfesa ya karɓi takardar, ya juya bayanta, ya sake juyowa. A kan wannan laifin ya taɓa kayar da ita a shekararta ta farko, ta yi kuka har Nasarawa a cikin bas.

"Obinna," ya ce, "wasan kwaikwayo bai karɓe ka ba, ka tsaya a jinya. Idan kuskuren gaske kake son gani, ga shi nan a hannun malamarka."

"Ka yi haƙuri, Baba," in ji Celina, tana share fuska da bayan hannu.

"Haƙuri ba ya cike takarda. Gwaji ya lalace." Ya mayar mata da ita, ya ɗan riƙe yatsunta kafin ya saki. "Sai mu sake Asabar mai zuwa. Caroline, layin gidanmu zai kai mita talatin kuwa?"