Ƙafar Baba Ishaya

Tun ƙarfe biyu na rana Hadassah ta kasa samun natsuwa. Ta gyara zama, ta ɗauke sandunan tafiyarta daga jikin bango ta ajiye a gindin tebur, ta sake mayar da su. Juma'a ce, ranar ƙarshe ta gwajin sati biyu da wani ƙaramin asibiti a Kakuri ya ba ta. In ta tura aikin yau kafin ƙarfe huɗu babu kuskure, kujerar ta zama tata. In ba haka ba, sai ta koma Makera, bakin shagon yayarta, ta ci gaba da korar ƙuda daga kan tumatir.

Aikin ba ya tambayar ƙafa, shi ya sa ta so shi. Likita zai rubuta ciwo a fayil, ita kuma ta nemo lambar da aka ware wa wannan ciwon ta shigar a kwamfuta, don kamfanin inshora ya gane abin da aka yi wa majiyyaci. Wata takwas ta yi tana koyo a waya. Shan-inna ya taɓa ta tun tana shekara uku, amma idonta da yatsunta lafiya lau.

Fayil talatin da ɗaya ne a gabanta. Ta gama talatin. Na ƙarshen na Baba Ishaya ne, wani tsohon ma'aikacin masaƙa da keke napep ya buge. Dakta Tanko ya rubuta tsagewar ƙashi a idon sawu, sai dai bai ce wace ƙafa ba. Ga shi dama da lambarta, hagu da tata.

Ita kam ta sani. Ranar Talata ta ga tsohon ya wuce ƙofarta yana jan ƙafar hagu. Duk duniya babu abin da Hadassah ta iya karantawa kamar tafiyar mutane.

"Ke, sa hagu mana," in ji Madam Edith, shugabar ofishin, ba tare da ta ɗago daga takardunta ba. "Ba kin ce kin gan shi ba?"

"Na gan shi, Ma. Amma ba a rubuta ba."

"To sa lambar da ba ta faɗi ɓangare ba."

"'Yan inshora za su dawo da shi, Ma. Kuma su tsayar masa da gashin ƙashi."

"Oho. 'Yar ƙa'ida! Shekara goma sha biyu ina nan, yau na samu malama."

Hadassah ta sunkuyar da kai. Malaminta na waya kullum abu ɗaya yake nanatawa: abin da likita bai rubuta ba, kada hannunki ya rubuta masa. Ta kira wayar Dakta sau uku, ba a ɗauka ba; ba ya taɓa waya in yana duba mutane. Ta dubi agogo. Uku da kwata. Ta ɗora yatsa a kan lambar hagu, ta janye. Ta sake ɗorawa.

"Ma, ko za ki hau ki tambaye shi?"

"Da wannan gwiwar tawa? Na hau da safe, ya ishe ni har Litinin."

Ofishin Dakta yana sama, matakala goma sha bakwai, tayil mai santsi, ba abin dafawa. Sanda ba ta hawansa. Kuma gindin benen daidai yake da wurin jira, inda mutane suka cika benci suna firfita da katinsu.

Uku da rabi ta tashi. Ta sa fayil a jaka ta rataya a wuya, ta jingine sandunan a ƙasa, ta zauna a matakalar farko da sabon siket ɗinta, ta fara hawa da baya, da ƙarfin hannu, yadda take yi a gida in ba kowa. Duk idon wurin jiran ya dawo kanta. Kunyar da ta ji ta fi nauyin jikinta.

"Wayyo 'yata, a kira nas!" in ji wata tsohuwa.

"A'a Mama, aiki nake."

A matakala ta goma sha ɗaya ta ji takalmi a bayanta. Dakta Tanko ne, da kofin shayi a hannu.

"Ah ah! Sabuwar ma'aikaciya, me ya yi zafi?"

Ta ciro fayil, ta miƙa masa. "Dakta, Baba Ishaya. Wace ƙafa ce?"

Ya duba, ya dafe goshi. "Kai, ni ne na bar shi. Dama ce."

"Dama?" Ba ta san ta faɗa da ƙarfi ba. "Ai hagu yake ja."

"Hagun nan tun yana saurayi inji ya taka ta a masaƙa. Da ita yake ɗingishi shekara arba'in. Mai lafiyar ce keke ya samu." Ya zauna kusa da ita a kan matakala, ya rubuta, ya sa hannu. Sai ya tsaya yana kallonta. "Kin ga yana jan hagu, kuma ba ki sa hagu ba?"

"Saura kaɗan, Dakta."

Ya yi dariya, ya leƙa ƙasa. "Madam Edith! Daga Litinin, ƙarfe biyu ni zan riƙa saukowa. Duk tambayar da take da ita ta tara mini."

"Wato an ɗauke ta ke nan?" in ji Madam Edith daga ƙasa.

"In ta tura kafin huɗu."

Saura minti goma sha huɗu. Hadassah ta cusa fayil a jaka ta fara gangarowa, matakala bayan matakala, ba ta ma ganin masu kallo. Madam Edith na tsaye a ƙasa riƙe da sandunan, tana cewa, "Yi a hankali mana, 'yar ƙa'ida, kada mu buɗe miki naki fayil ɗin!"