Awon da Ba a Yi da Tiya

Da Jibo ya ce ɗiyarsa Rahina ta gama karatu ta samu aikin awo, ƴan hatsin Gidan Rumji suka yi ta dariya. "Duk wannan karatun lakol, ta ƙare a tiyar gero?"

Ranar kasuwa sai ga Rahina a rumfar caji, inda ake ɗora salula bisa faifai ta ɗauki wuta ba igiya. Mutane na tsoron faifan. Jibo da ƴan hatsi suka taru suna kallon Rahina. Ta kara na'urarta kusa, ta ja baya, tana auna ƙarfin maganaɗisun da ke isa jikin mutum.

"Baba, bai kai na cutarwa ba," ta ce.

Jibo ya juya ga ƴan hatsi, ya gyara hula. "To, ku ɗauko tiyarku ku auna mini wannan."