Saurayin Mozelle ta Ƙofata Yake Shiga

"Ke ce kika kira ta," in ji Mozelle.

Cokali na hannuna cike da romon kaza, na kai shi daf da bakinta. Ta kawar da kai har bututun iskar da ke hancinta ya zame.

"Buɗe baki ki sha, ya fara hucewa."

"Vernice, shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakaninmu. Na san tarinki, na san ƙaryarki. Ke kika kira Charisse."

Willadean, ƙawarmu ta uku, tana zaune bakin taga tana goge farce. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ita ce mana. Wa ke da lambar yarinyar da kuma baƙin ciki a lokaci ɗaya in ba ita ba?"

Na ajiye kwanon. Gaskiyarsu, ni ce.

Gidanmu a Memphis gida ɗaya ne aka raba biyu: ƙofa biyu a gaba, baranda ɗaya a baya. Mozelle ta binne miji biyu, na ukun ta watso masa kayansa ta taga. Tana da shekara saba'in da huɗu ta je gwajin ido, ta dawo da tabarau da kuma Cleophus Gaines, tsohon direban bas, mai gashin baki kamar tsintsiya. Duk Talata da Juma'a, ƙarfe biyu na rana, zai zo da hularsa a hannu, labule ya sauka. Ni kuwa tun da mijina Lemuel ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce, ban riƙe hannun namiji ba sai na fasto a ƙofar coci. Kuma ni ce shugabar matan cocin. Bangon da ke tsakanin ɗakin kwanana da nata bai kai kaurin littafin waƙa ba. Nakan ƙure rediyo da waƙoƙin yabo, washegari ta leƙo ta ce, "Na gode da kiɗan jiya."

Da likita ya ce zuciyarta ta gaji, watanni suka rage, sai na ɗauki waya na kira 'yarta a Atlanta. Na ce, "Ki zo, wani tsoho zai ƙarasa miki uwa." Charisse ta iso da akwatuna biyu da kwamfuta, ta kafa ofishinta a falo. Ranar Talata ta tare Cleophus a ƙofa, furanni a hannunsa, ta ce in ta sake ganin ƙafarsa a matakalar nan 'yan sanda za ta kira.

"Don lafiyarki na yi," na ce wa Mozelle.

"Don lafiyata. Likita cewa ya yi zuciya ta gaji. Bai ce sauran jikin ya yi murabus ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Hassada ce kawai. Kin kwanta ke kaɗai kina ƙirga mini."

"Ban taɓa ƙirga komai ba."

"To yaya aka yi kika san ranar Juma'a ta fi tsawo?" in ji Willadean.

Suka yi dariya, Mozelle har da tari. Da tarin ya lafa ta kamo hannun rigata. Yatsunta ba ƙarfi, amma ban iya janyewa ba.

"Ga yadda za ki biya ni. Charisse tana toshe kunnuwa da taron aikinta daga biyu zuwa huɗu. Cleophus zai shiga ta ƙofarki, ya ratsa kicin ɗinki, ya bi barandar baya ya shigo nan."

"Ta ƙofata? Namiji ya shiga gidana rana tsaka, duk layi na kallo?"

"Au, da duhu kike so ya zo? Ashe kin fi ni."

"Zai ma ɗaga miki daraja," in ji Willadean. "Mutane sun ɗauka gizo-gizo ya gama saƙa a wajen."

Na ce musu tsofaffin banza ne, marasa tsoron Allah, na ɗauki kwanona na fita. Da yamma na ji Mozelle ta bango tana kokawa da numfashi, Charisse tana cewa, "Mama, a hankali." Washegari na sa Willadean ta kira mutumin.

Ranar Juma'a ya ajiye motarsa daidai ƙofata, kamar ba sauran wuri a titin. Ƙanshin turarensa ya riga shi hawa matakala. Ola Pettway ta tsallaken titi, wadda bakinta ya fi rediyo nisan zango, tana ba furanninta ruwa; tiyon ya yi ta zuba a kan takalminta ba ta sani ba.

"Barka da rana, 'yar'uwa Vernice," in ji shi.

"Ni ba 'yar'uwarka ba ce. Goge ƙafa. Kada ka taɓa komai."

Ya wuce ta kicin. Na shiga ɗakina na zauna bakin gado, na kai hannu kan rediyo amma ban kunna ba. Ta bango na ji Mozelle ta ce, "Ka rame, ɗan iska. Wa ke ba ka abinci?" Ya ce wani abu ƙasa-ƙasa. Gadon ya yi ƙara sau ɗaya, alamar ya hau. Daga nan sai muryarsa yana lissafa mata tashoshin bas ɗin da ya tuƙa shekara talatin, ɗaya bayan ɗaya, ita tana gyara masa in ya tsallake. Can kuma na ji ta ce, "A'a, mayar da hannun inda yake," ta yi irin dariyar nan tata ta maƙogwaro. Sai na kunna rediyon.

Kafin Lahadi labari ya gama gari. A coci matar fasto ta riƙe hannuna ta ce tana sa ni a addu'a. Wata daga cikin mawaƙa ta tambaye ni ko wace irin hoda nake shafawa yanzu. Bayan an tashi, mata biyu daga kwamitina suka ce wataƙila in ɗan huta da shugabanci har al'amura su daidaita. Shekara goma sha ɗaya ina kan kujerar nan.

Charisse kuwa a barandar baya ta tare ni, ina zubar da shara.

"Anti Vernice, ashe abin da ya sa kika kira ni ke nan."

"Me ke nan?"

"Ki raba su ki ɗauka. Ko jira ba ki yi ta rufe ido ba. Ragowar uwata kike lasa, da shekarunki."

Na san wannan yarinyar tun tana fitsarin kwance. Maganar ta zo mini har bakin haƙori, na haɗiye ta. Na ce, "Ki gaishe da maman."

Da na kai wa Mozelle labari, sai da Willadean ta ƙara mata iska don dariya.

"Sun sauke ki?"

"Sun ce in huta."

"To ki huta da kyau. Tunda sunan ya riga ya ɓaci, ki ɗan ɗanɗana abin mana. In na tafi na bar miki shi gado. Gwiwarsa ta dama ce kawai ba ta aiki."

"Allah ya kiyaye. Na fi son in gaji cutar ƙafarki."

"Ni fa?" in ji Willadean.

"Ke kin kashe maza uku da surutu. Wannan ina so ya ɗan daɗe."

Sau biyar ya zo. Kullum ina buɗe masa ƙofa da fuska a murtuke, kullum yana barin wani abu a teburina, yau lemo, gobe soyayyen kifi a takarda. Ban taɓa cewa na gode ba, amma ban zubar ba. Mozelle kuma kullum ƙara ƙanƙancewa take a cikin gadon. Duk da haka kafin biyu ta yi sai Willadean ta ɗora mata hular gashinta mai ruwan zuma, ta shafa mata jan baki, suna faɗa a kan ya yi yawa ko bai yi ba.

Zuwansa na shida Talata ce, ana zafi kamar a gasa mutum. Ina wanke ganye a kicin sai na ji ƙofar baya. Ƙarfe uku ma ba ta yi ba. Ya shigo da takalmansa a hannu, ya ja kujera ya zauna ba tare da na ce ya zauna ba.

"Ta tafi," in ji shi.

Na rufe famfo.

"Tana cikin zagina ne. Ta ce hannuna ya yi sanyi kamar na mai wankan gawa. Na ce bari in hura shi. Kafin in gama hurawa..." Ya kalli tafin hannun nasa.

Na bar shi a nan na tsallaka. Tana kwance a gefe, fuskarta wajen da ya tashi, hular gashin ta karkace ta rufe mata gira ɗaya. Na gyara mata ita. Na ce, "Tsohuwar banza, ko sallama." Na cire bututun daga hancinta, na kashe injin. Da ƙararsa ta ɗauke sai na ji muryar Charisse daga falo tana yi wa mutanen ofishinta bayanin wani abu da fara'a.

Na je na tsaya a gabanta har ta zare abin kunnen.

Ta daɗe durƙushe bakin gadon, goshinta a kan hannun uwar. Da ta ɗago sai ta shaƙi iska. Turaren Cleophus ya cika ɗakin, ga kuma wurin kansa a kan matashi na biyu.

"Wa ya kwanta nan?"

Zan iya cewa ni ce. Na ce, "Cleophus. Ta gidana yake bi. Ita ta nema, ni na buɗe."

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

"Ina zaune a can." Ta nuna falo. "Taku goma. Na bar gidana, na bar 'ya'yana, na zo in riƙe mata hannu. Kika ba wani direba wurina."

"Ba wurinki ya ɗauka ba. Nasa daban ne."

"Ke kika kira ni, Anti Vernice. Ke."

"Na sani."

"Fita daga gidan uwata."

Na fita. Cleophus yana nan inda na bar shi, ya sa takalmi ɗaya, ɗayan yana kan cinyarsa.

A jana'iza Charisse ta hana shi zama a gaba, ta kuma cire sunana daga masu magana. Ya tsaya a bakin ƙofar coci yana juya hula, bai san inda zai nufa ba. Willadean ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Je ki ɗauko mijinki." Na ce mata Allah ya isa, na tashi na jawo shi, na zaunar da shi tsakaninmu. Duk wuyan da ke cocin ya juyo. Fasto ya ce marigayiya mace ce mai kamun kai da natsuwa. Willadean ta toshe baki da hankici, kafaɗunta suna rawa, na baya suka yi ta shafa mata baya suna ba ta haƙuri.

Kwana huɗu Charisse tana kwashe kaya, ba ta ce mini ba, ban ce mata ba. In na fito baranda ta shige, in ta fito na shige. Rana ta biyar da hantsi hadari ya haɗo. Na leƙa na gan ta a bayan gida tana fama da babban zanen gado da ta shanya, iska na naɗe mata shi a jiki, gefe ɗaya yana jan ƙasa. Na tsaya ina kallo har ɗigon farko ya sauka a kan matakala. Sai na sauka na kama ɗaya bakin.

Ba ta saki ba, ba ta kuma dube ni ba.

"Kin riƙe shi a karkace," in ji ta.

"Ke ce kika juya naki."

Muka ja, kowa ta yi baya har zanen ya miƙe. Muka ninka gida biyu, muka sake ja. Sannan ta tako na tako, ta karɓi kusurwoyin daga yatsuna, na sunkuya na ɗago ƙasan. Ruwan ya fara sauka sosai a kan kwanon baranda, mu kuwa saura ninki ɗaya.