Gayyar Alhaji Bashir

Shekarar da naira ta faɗi, hanya ta juya. Da mutanen Madarumfa ke ƙetarawa Najeriya cin rani, yanzu samarin Jibiya ke zuwa neman sefa.

Alhaji Bashir ya ci ribar haka. Garkarsa ta bakin tafki ta ninka, ya sa injin ban ruwa, ya sayi kamiyo na kai tumatir Maraɗi. Ado, wanda ya daɗe yana yi masa aikin garkar, ladansa bai motsa ba: dala ɗari uku a wuni. Rumbunsa ya kusa ƙarewa. In bai samu ƙari ba, sai ya bar iyali ya tafi haƙar zinariya arewa.

"Alhaji, garka ta girma, mu muna nan yadda muke."

"Kai Ado, ga yaran Jibiya can suna yi a ɗari biyu, har da godiya. In ka gaji, je ka huta."

Ado ya tafi gida. Sauran 'yan gari ma aka sallame su ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan shuka ya sauka. Samarin Jibiya suka ɗaure kayansu, don kowa na da gonar ubansa. Ciyawa ta taso a gonar geron Alhaji ta hanyar Gabi, sai ya yi abin da ya saba kowace damina, ya kira gayya. A gayya ba a biyan kowa: maƙwabta su zo da hauya, mai gona ya ciyar. Matarsa Hajiya Dije ta dama fura, ta tuƙa tuwo, aka yanka akuya, aka kira makaɗi.

Har hantsi makaɗin kaɗai ya zo.

Alhaji ya taka da kansa zuwa gidan Ado. Ya same shi a zaure, jakar tafiya ɗaure a gefensa.

"Ado, ba ka ji gayya ba?"

"Na ji, Alhaji. Na ɗauka ta mutanen Jibiya ce."

"Haba! Mu da muke 'yan uwa?"

"Da rani ma 'yan uwan ne."

Alhaji ya waiga wajen gonarsa. Gero ba ya jiran kowa.

"To, nawa?"

"Gayya ba ta da kuɗi, Alhaji. Maganar rani nake, ni da sauran."

Aka kira liman ya shaida: ɗari huɗu a wuni, kuma 'yan gari za a fara ɗauka. Ado ya tura jakar cikin ɗaki, ya saɓa hauya, ya bi gida gida yana kira.

Tuwon ya yi sanyi kafin su iso. Sun cinye shi duka.