Ɗigon Fensir

A shekarar 1977, lokacin da arzikin mai ya sa kowane ofishi ke ɗibar ma'aikata, wata jami'a ta nan gida ta haɗa kai da wata ta Ingila, suka kawo kwas ɗin mako biyu Gombe. Za a koya wa ma'aikatan gwamnati dokar da ta hana nuna bambanci. Dokas, mai buga tafireta daga unguwar Herwagana, ta samu shiga. Maigidanta na ofis, Malam Bamanga, shi ma yana ciki, a kujerar gaba, domin ba ya barin a ɗauki hoto babu shi.

Baturiyar da ke koyarwa mutuniyar kirki ce, sai dai ba ta san mu ba. Rana ta takwas ta raba takardu, ta ce kowa ya rubuta wani bambanci da ya gani da idonsa a wurin aiki, kada ya sa sunansa. A ganinta, in babu suna asiri ya rufu.

Dokas ta daɗe da abin a ciki. Ta rubuta cewa a wani ofishi, in jerin masu neman aiki ya zo, shugaban kan sa ɗigon fensir a gefen sunan duk wanda ba ɗan yankinsu ba, mai bugawa kuma ta tsallake shi. Haka aka tsallake Isaiah, haka aka tsallake Rabe Bakatsine. Ta ninke takardar ta jefa a kwalin da Baturiya ta ajiye, ta ji sakayau.

Sai Baturiya ta girgiza kwalin, ta fara zagayawa da shi. Kowa ya ɗauki ɗaya ya karanta wa jama'a.

Dokas ta bi kwalin da ido. Rubutunta irin na makarantar mishan ne, a kwance, mai dogayen jela, kuma shekara bakwai Malam Bamanga yana ganinsa a bayan kowane fayil. Mutum talatin ne a ɗakin. Ta yi ta addu'a a zuci, har ta gan shi ya buɗe takarda mai tabon shuɗin tawada a gefe. Tata ce.

Ya karanta tsaf, bai tsallake ko harafi ba, bai kuma dube ta ba. Baturiya ta ji daɗi ƙwarai, ta ce ga misali mai kyau, ta tambaye shi ra'ayinsa.

"Wannan zalunci ne," in ji shi, ya sa takardar a aljihu.

Sauran kwanakin Dokas ba ta ji ko kalma ɗaya ta darasin ba. Tsoro ya hana ta cin abinci. Ƙannenta uku suna makaranta, kuma dukansu da wannan tafireta suka dogara.

Ran Litinin a ofis Malam Bamanga ya gaishe ta da fara'ar da ba ta taɓa gani ba, ya ajiye mata jerin ma'aikatan da za a tabbatar wa aikinsu.

"'Yata, a buga kamar yadda aka saba."

Ɗigo huɗu ne a jerin. Na ukun yana gefen sunanta.

Ya koma ciki ya bar ƙofarsa a buɗe, yana sauraron ƙarar injin. Ta buga sunaye sha shida na farko. Ta iso na sha bakwai, ɗigon farko, wani masinja da bai san ma ana yi ba. In ta tsallake shi, to da hannunta za ta tsallake kanta.

Ta share gumin tafinta a zani, ta buga sunansa.